Da takardar teknika a hannuna na koma ƙaramin yaron shago

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, a Kaduna. Da jiniyar kamfani muke sanin lokaci a gidanmu: ta safe, ta rana, ta dare. Ba masu kuɗi ba ne mu, amma tukunya ba ta taɓa kwana ba a ɗora ta ba, kuma duk salla akwai sabuwar atamfa ga Inna da ƙannena mata. Ni ne ɗan fari, kuma tun ina firamare Baba ya yanke cewa likita zan zama. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa musu ba, don ina so.

Daga 2002 zuwa 2007 manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, tasu Baba tana cikin na farko-farko. Ya gwada acaɓa, ya gwada tireda, babu wadda ta karɓe shi. Mutumin da ya saba da albashi ƙarshen wata ya koma zaman ƙofar gida yana sauraren rediyo ko za a ce an buɗe kamfani. Hawan jini ya kama shi, daga nan ɓarin jikinsa ya shanye. Ina aji uku na ƙaramar sakandare Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki dangi suka zauna a kan maganata. Baffa ya ce boko ya ƙare, a kai ni kasuwa in riƙa jiran shago, ko ba komai za a rage baki ɗaya a gida. Kawu kuwa, yayan Inna, tsohon ma'aikacin ma'aikatar ayyuka ne, ya ce a'a, a kai ni kwalejin teknika ta gwamnati. Akwai kwana, akwai abinci, kuɗin bai kai na sauran makarantu ba, kuma bayan shekara uku zan fito da sana'a da takarda a lokaci guda. Inna ba ta ce uffan ba, don ba ta magana a kaina a gaban mutane. Da daddare ne ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai, ka bi maganar kawunka."

Ranar na yi kuka fiye da na ranar jana'iza. A unguwarmu a lokacin, in aka ce an kai yaro teknika, abin da mutane ke ji shi ne kansa ba ya ja. Ni kuwa ban taɓa wuce na biyar a aji ba. Na lallashi kaina da cewa zan zaɓi lantarki, ko banza za a kira ni injiniya. Da aka kafe sunaye, sashen lantarki ya cika, na kanikanci ya cika, sai ga sunana a ƙarƙashin kafinta da haɗa katako. Na tsaya gaban allon nan har aka watse. Abokaina suna babbar sakandare suna maganar jami'a, ni an aiko ni in koyi buga benci.

Da wannan zuciyar na shiga ɗakin aiki a makon farko. Malaminmu dattijo ne, mutumin Filato, daga cikin waɗanda suka yi jarabawar City and Guilds ta Ingila tun kafin a kafa NABTEB, hukumar jarabawar makarantun teknika da kasuwanci ta ƙasa, a 1992. Hausarsa ta Jos ce, kuma kowa "yarona" yake ce masa. Abin da ya fara ba ni mamaki, har aka ci rabin zango babu wanda ya taɓa ƙusa. Washi muka fara koya. Bakin cizal, wato ƙarfen sassaƙa rami a katako, da bakin filen, wato abin goge katako, ana fara karkata shi a kan digiri 25, sannan a wasa ɗan bakin ƙarshe a kan digiri 30 bisa dutsen washi da ɗigon mai, a juya bayan a kwantar da shi a cire ɗan zaren ƙarfen da ya lanƙwaso. Malam ba ya duba bakin da ido. Hannunsa yake miƙawa ya aske gashin damtsensa da shi. In bai aske ba, sai ya ajiye maka a kan benci ya wuce, ko kallonka ba zai yi ba.

Bayan washi aka ba kowa guntun afara mai kaushi, tsawon milimita 300. Aikin shi ne ka goge fuska ɗaya ta kwanta sumul, ka yi mata alama da fensir, ka goge gefe ɗaya ya tsaya cak a kan digiri 90 da wannan fuskar. Daga waɗannan biyun ake auna duk sauran, shi ya sa in sun karkace komai ya karkace. Idan ka ce ka gama, Malam zai karɓa, ya ɗora sikwaya, wato ƙarfen gwada daidaiton kusurwa, a kai, ya ɗaga saitin taga. In haske ya ratsa tsakanin ƙarfen da katakon, ko da siririn gashi ne, sai ya ce, "Yarona, haske ya wuce. Koma." Na goge nawa har ya kusa zama tsinken tsire, aka ba ni wani. Ranar da ya ɗaga bai ga haske ba, ya juya katakon ya sake gwadawa a ɗaya ƙarshen, ya ce, "To." Iyakar yabon ke nan. Amma da na koma ɗakin kwana na tarar ina ta shafa guntun katakon nan a aljihuna, kuma tun rasuwar Baba ban ji sanyi a raina irin na wannan yammacin ba.

A nan ne na gane sana'ar gida biyu ce. Akwai aikin wurin gini: rufi, silin, katakon da ake zuba kankare a ciki, dandamalin da magina ke hawa. Akwai kuma aikin benci: ƙofa, taga, firam, matakala, kabad, inda katako ke riƙe ɗan'uwansa da haɗi. Mun koyi motis da tenon, rami a wannan katako, harshe a wancan, kaurin harshen kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. In ya fi haka kumatun ramin su yi rauni, in bai kai ba harshen ya karye. Mun koyi dobtel, haɗin kusurwar durowa mai haƙora kamar wutsiyar kurciya, karkatarsa 1 cikin 6 a katako mai laushi, 1 cikin 8 a mai tauri. Ban da wannan ga Turanci, ga lissafi, ga kimiyya, ga zanen gini, inda ake koya maka kallon abu ta sama, ta gaba, da kuma kamar an tsaga shi biyu. Da yawanmu sun tsani ajin zane, suna cewa mu da za mu riƙe zarto me ya haɗa mu da fensir. Ni na so shi, wataƙila don shi ne ya fi kama da karatun da aka raba ni da shi.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na ruwan da ke cikin katako. Sabon yanka wani lokaci rabin nauyinsa ruwa ne. Yana bushewa yana tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo kusan ba ya motsi. Yawancin katakon da muke aiki da shi a Arewa, afara da obece da iroko da mahogani, daga dazukan Kudu ake lodo shi, daga wuri mai laima zuwa inda danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a hunturu, ya haura 70 a watan Agusta. Shi ya sa ƙofar da aka haɗa da ɗanyen katako take tsagewa a Janairu, wadda aka matse ta da rani kuma ta ƙi rufuwa da damina. Tun ina yaro nake ganin Baba yana dukan ƙofar ɗakinsa da kafaɗa duk damina, ashe abin yana da dalili, har da maganinsa: a jera falanki a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu iska ta ratsa, a ba shi lokaci, kuma in za a sa allon tsakiyar ƙofa a bar shi yana yawo cikin kwarminsa, kar a manne shi da gam.

Kada wani ya ɗauka makarantar aljanna ce. Akwai manyan injina a ɗakin aikin, na yanka da na gogewa, amma yawancinsu ƙura ta rufe su. Wani bel ya tsinke, wani babu wanda ya san abin da ke damunsa, mai lafiyar kuma babu wutar da za ta tada shi. A allo muka koyi injin. Katakon gwaji ma sau da yawa mu ke haɗa kuɗi mu saya. Abinci kuwa, wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati a shekarun nan ya san ruwan kokon da ake kira karin kumallo. Duk hutu ina 'yan katako ina dakon falanki a ka don in sami na sabulu da garin kwaki. Da lokacin rajistar jarabawar ƙarshe ya zo, Inna ta sayar da keken ɗinkinta. Ba ta gaya mini ba. Na dawo hutu na ga wurin da yake zama babu komai sai sawun ƙafafunsa a siminti.

Na rubuta jarabawar NABTEB ta Mayu da Yuni, wadda ake ba da takardar NTC, wato shaidar kammala teknika ta ƙasa, da ita. A ɓangaren aikin hannu ana ba ka zane da katako da awoyi ƙidayayyu, ka fitar da abin da ke takardar. Na ci, da sakamako mai kyau. Na kuma yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mataki na uku, wanda shi ne na ƙasa. Da wannan sakamakon ina iya neman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna in karanta fasahar gini, kuma na so hakan ƙwarai. Amma ga ƙanne huɗu a bayana, ga Inna tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Na ninke maganar na ajiye.

Na sa takarduna a leda na shiga bin kamfanonin gini. Duk inda na je tambaya ɗaya ce: a hannun wa ka yi aiki? Wane gini ka rufa? Ba ni da amsa. Wani fomen ya duba takardar, ya duba tafin hannuna, ya ce in dawo in na yi kanta. Da abin ya ishe ni, Kawu ya sayi goro ya kai ni wurin wani tsohon kafinta a Tudun Wada. Maigidan ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, don ba ya karatun boko, ya miƙo mini ya ce, "Ajiye ta wuri mai kyau kar gara ta ci. A nan tsintsiya za ka fara riƙewa."

Haka kuwa aka yi. Ina da shekara goma sha tara, yaro ɗan sha huɗu yana aikena sayen wake da shinkafa, don ya riga ni zuwa. Ni ne shara, ni ne miƙe tsoffin ƙusoshi a kan dutse, ni ne turin amalanke daga kasuwa. Suka sa mini suna Injiniya, kuma ba don girmamawa ba. Abin da ya fi ci mini rai, sun fi ni. Kafin in gama auna firam ɗaya da sikwaya da fensir, yaron nan ya haɗa biyu. Ranar da aka fara kai ni rufi, na hau kan bango na ga ƙasa can nesa, gwiwoyina suka kama rawa, na rungume rafta, katakon da ke ɗauke da rufin, na kasa gaba na kasa baya, su kuwa suna tafiya a kan tu-bai-fo, katako mai inci 2 da 4, da ƙusa a baki suna hira. A makaranta mun haɗa rufi, amma ɗan ƙarami, a kan tebur. Babu wanda ya koya mana iska, ko zafin kwano da azahar, ko yadda ake karɓar falanki mai ƙafa 12 daga hannun wanda ke ƙasa ba tare da ya ja ka ba.

Ban san sayen katako ba. Maigida yakan ɗaga falanki ya sa ido ɗaya a ƙarshensa ya hango tsawonsa, ya ƙwanƙwasa, ya jinjina nauyinsa, ya ture gefe, alhali ni ban ga aibinsa ba. Ban san yanka farashi ba, ban san yadda ake magana da uwar amarya da ta zo da kuɗin gado ɗaya tana son gado da sif da madubi ba. Wata rana na ga ana haɗa ƙofa da ƙusa da gam, ana cike ramukan da dusar katako, na ce, "Maigida, ai wannan motis ya kamata a yi mata." Yaran suka fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Na san motis tun ba a haife ka ba. Kwana nawa za ta ci maka? Nawa mai ƙofar ya biya? In ka yi masa aikin kwana uku a kuɗin yini ɗaya, wa zai ciyar da waɗannan?" Na daɗe ina jin haushin amsar nan. Yau da nake biyan haya da kuɗin yara na san ba ƙarya ya faɗa ba, ko da yake har gobe ba na yin ƙofar waje da ƙusa. In kuɗin mutum bai kai ba, gara in ce masa ya sayi ta ƙarfe.

Sau da yawa na yi niyyar gudu. Abin da ke riƙe ni shi ne wurin keken ɗinkin nan.

Al'amarin ya juya ne a kan wata matakala. Maigida ya sami aikin katakon kankare a wani gidan sama, injiniyan ginin ya kawo zane ya ce a bi shi sak, ba ya son a yi da ka. Maigida ya karɓa ya ce to. Bayan magariba, yara sun watse, sai ya ce in tsaya. Ya shimfiɗa takardar a kan benci ya haska tocila, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Zo ka gaya mini abin da mutumin nan yake so." Na san abin da ya ci masa kafin ya furta wannan. Na duƙa na karanta. Tsayin daga daɓen ƙasa zuwa na sama milimita 3000 ne, hawa 17, kowane hawa ya kama kusan 176, wurin taka ƙafa 260. Na gwada da ƙa'idar da aka koya mana, hawa biyu a tara da taku ɗaya su faɗa tsakanin 550 da 700, ya ba ni 612, lafiya lau. Na zana matakalar da cikakken girmanta a jikin filawud, na yanka ma'auni guda wanda za a bi a fitar da duka, don kar wani hawa ya fi wani. Ƙafar mutum tana haddace hawan farko, in na bakwai ya bambanta ko da kaɗan ne, a nan ake tuntuɓe. Shi kuma Maigida ya nuna mini inda za a ƙara tokara, don ya san nauyin ɗanyen kankare da yadda yake tura katako, abin da zanen bai faɗa ba. Injiniya ya zo ya auna bai sami abin gyara ba. A hanyar dawowa Maigida ya saya mini tsire, bai ce komai a kan aikin ba. Daga ranar duk takardar da ta shigo shagon ni ake kira, kuma na bar sayen wake da shinkafa.

Ina cikin jin daɗin wannan ne ƙaddara ta same ni. An aike ni gogo falanki a wani shagon injina. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Mai injin ya ce ya kashe, in taimaka in zaro dusar da ta cushe a bakin wuƙaƙen kafin ya tada janareta. Ashe makunnin da ya kashe na injin yanka ne, na gogewar yana kunne. Injin ba shi da murfin kariya, an cire an jefar tun tuni wai yana rage sauri, kuma makunninsa irin na bango ne. Hannuna na ciki wuta ta dawo. Ban ji zafi ba da farko, ƙara kawai na ji, na ga jini a kan farin katako. Gaɓar farko ta yatsu biyu na hannun hagu, manuni da na tsakiya, ta tafi.

A asibiti ne Inna ta kira sunana. Tunda ta haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba, saboda kunyar ɗan fari. Ta shigo da mayafi a karkace tana kira da ƙarfi a gaban kowa. Wannan ya fi yatsun karya mini zuciya.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi duhu a rayuwata. Ciwon yakan tashe ni cikin dare, in ji ƙaiƙayi a ƙarshen yatsan da babu shi. Da hagu kafinta ke riƙe ƙusa, da ita yake dafe katako, da ita yake jin ko fuska ta kwanta. Na zauna a ɗaki ina lissafi: likita ban zama ba, kafintan ma ga yadda ta ƙare. 'Yan dubiya suna cewa Allah ya sa kaffara ne, ina amsawa da baki. Baffa ya zo ya ce da an bi shawararsa da yanzu ina da shagona a kasuwa da yatsuna goma. Ban ba shi amsa ba, don a lokacin ni ma haka nake gani. Na daina fita ko masallacin unguwa in ba da asuba ba, saboda kar a tambaye ni. Har na fara cigiyar wanda zai ba ni babur haya.

Maigida ne ya zo har gida, ya zauna a zaure ya ce a kira ni. Ya ce, "Hannunka ne ya yi ciwo ko kanka?" Na ce hannu ne. Ya ce to gobe in fito, akwai ƙofofi goma sha biyu na wata makaranta da ake son farashinsu a rubuce, shi kuma ba ya son ya sake biyan wani ya rubuta masa. Da hannu a naɗe na koma. Aikina ya zama awo, zane, fitar da jerin yanka, da lissafin kaya. Kafin nan da ka ake sayen katako a shagon, a sayo ya yi yawa ko ya kasa. Na fara zana yadda za a yanka filawud mai ƙafa 4 da 8 a takarda kafin a sa masa zarto, ragowar da ake zubarwa ta ragu sosai, Maigida ya gani a aljihunsa. Ajin zanen nan da 'yan ajinmu suka raina, shi ya ciyar da gidanmu duk tsawon lokacin da ba na iya riƙe ƙusa. Wannan ne dalilin da ya sa nake ba da labarin nan.

A hankali na koyi riƙe ƙusa da babban yatsa da na zobe. Na fasa farce ba adadi kafin hannun ya saba. Tsoron injin kuwa ya fi ciwon daɗewa. Shekara ta zagayo ina jin ƙarar injin gogewa gabana na faɗuwa. Da lokaci ya yi Maigida ya yaye ni, aka yi addu'a, ya ba ni zarto da guduma da filen ɗinsa na ƙarfe wanda ya fi ni shekaru. Ya rasu 'yan shekarun baya, Allah ya gafarta masa. Malamin teknika kuwa ban sake ganinsa ba tun da na bar makaranta, kuma wannan yana damuna.

Yanzu ina da shagona, ina da iyali, ƙannena mata duk an yi musu aure da kayan ɗakin da na haɗa da hannuna. Na saya wa Inna keke, ko da yake idonta ba ya ganin zare yanzu, jikoki ke wasa da shi. Sana'ar ta canza. Ƙofofin ƙarfe na China da Turkiyya sun cinye rabin kasuwar ƙofa, tagogi sun koma alminiyom, kabad ɗin kicin kuma yawanci da allon MDF ake yi, na garin katako da aka matse da gam, wanda ba ya son ruwa ko kaɗan. Katako mai kyau ya yi wuya. Madobiya da ake samu a dazukan Taraba an kwashe ta zuwa China har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya, ta kare tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa, ke taƙaita cinikinsu a 2017. Abin da ke zuwa kasuwa yanzu yawanci ƙananan itatuwa ne da ba su nuna ba, da malaina, kuma ɗanye sharaf. Wanda bai san busar da katako ba, hunturu ɗaya ya isa ya zubar masa da mutunci a idon mai kaya.

Iyaye kan zo su tambaye ni, teknika ko shago? Ina ce musu in da hali a haɗa. Kafin ku kai yaro kowace kwaleji, ku roƙi a nuna muku ɗakin aikin. Ku duba ƙasa: in babu dusar katako, ba a aiki a wurin. Ku tambaya yara nawa ke raba benci ɗaya. Sannan duk hutu a kai shi shagon wani ya yi shara ya hau rufi, kar ya jira sai ya gama kamar yadda ta faru da ni. Shi kuma yaron da ya fito da takarda ya sa a ransa cewa zai yi biyayya ga wanda bai iya rubuta sunansa ba, kuma mutumin nan yana da abin koya masa na shekaru.

Injina biyu gare ni a shago. Dukansu na sa musu makunni mai maganaɗisu, wanda in wuta ta ɗauke yake sakin kansa, ba zai tashi ba sai an sake danna shi da hannu. Kuɗinsa bai kai na ɗinkin yatsa ɗaya ba. Murfin kariya ba ya fita, kuma ba a tura ƙaramin katako da hannu, akwai sandar turawa rataye a jikin kowane inji. Yaron da na kama ya cire murfi, ranar gida zai koma. Ba na yi musu dogon wa'azi, hannuna kawai nake ɗagawa.

Duk Alhamis bayan la'asar muna ajiye aiki mu yi awa ɗaya a kan awo da zane. Biyu daga cikin yarana za su yi gwajin sana'a mataki na uku bana, na riga na fara tara musu kuɗin rajista. Na ukun, wanda ya fi su hannu nesa ba kusa ba, almajiri ne da ya zo mini daga tsangaya, ya ce shi ba zai shiga abin da za a ba shi takarda da biro ba. Inci ya iya shi kamar ruwa, milimita ce ya ce ba ya so, lambobin sun yi yawa. Na ce masa inci ɗaya 25 ne da ɗan ɗoriya, ya ce ɗoriyar ce matsalar. Mun dai yi yarjejeniya: zai fitar mini da jerin yankan sif guda da milimita kafin azumi, ni kuma in bar shi ya haɗa ta shi kaɗai daga farko har fenti.